Ƙullin da Ake Yi wa Gawa

Ran da aka mayar da Baba Genzo sito, surukarsa Misae ce ta ɗauki katifarsa. Mijinta Tatsuro ya goya tsohon, yana tafe yana gaisawa da maƙwabciyarsu da ke leƙe ta kan katanga.

"Can ya fi masa shiru," in ji Tatsuro. "Hayaniyar kanti ce ke hana shi hutawa."

Maƙwabciya ta dafe ƙirji. "Kai, ɗa irinka sai an tona. Da 'ya'yan yanzu ne, ai tuni sun kai shi gidan tsofaffi sun karkaɗe hannu."

Tatsuro ya sunkuyar da kai irin na mai kunya. Ya iya wannan sunkuyon ƙwarai, don shekara ashirin ya yi yana sayar da motoci a Tokyo kafin ciwon ubansa ya dawo da shi Kanazawa.

Siton yana bayan gida. Bangonsa na laka ne mai kauri, ƙofarsa sai mutum ya sa kafaɗa take motsi, tagarsa guda ɗaya ce can sama kusa da rufi, ita ma da murfinta na laka. Kakannin gidan Kurahashi sun gina shi don kada gobara ta ci kaya. Tangaran aka gina wa ɗakin, tangaran kuwa ba ya numfashi.

A sana'ar wannan gida, ta sayar da kayan da, kwano ba ya faɗin kansa. Akwatinsa ne ke magana. Kwanon shayi na yumɓu ana iya saye shi da kuɗin abincin rana. Amma in an sa shi a akwatin katako, wani masani ya rubuta a cikin murfin cewa wane ne ya gina shi shekara ɗari uku da suka wuce, ya buga jan hatiminsa, to sai ya yi kuɗin gida. Shekara arba'in rubutun Baba Genzo ke raba gardama a garin. Ya taɓa mayar wa surukinsa kwano a gaban jama'a, ya ce wannan bai kai jikarsa shekaru ba. Ana tsoronsa, kuma ana yarda da shi.

Shanyewar jiki ta ɗauke masa ɓarin hagu da harshe, ta bar masa hannun dama da hankalinsa garau.

"Abin da ake buƙata shi aka bar mana," in ji Tatsuro, yana dariya shi kaɗai.

Kwana uku da ƙaura, wani mutum ya kawo kwali ta ƙofar baya. Kwanoni ne shida, an dafa su a ruwan shayi mai kauri har ya shiga tsaguwarsu, da akwatuna shida da aka turara da hayaƙin kara suka yi duhun tsufa. Tatsuro ya sa Misae ta niƙa tawada, ya jingina ubansa da bango, ya ɗora masa murfi a cinya, ya damƙa masa alƙalami.

"Baba, ga sunan da za ka rubuta, na sa maka a takarda."

Tsohon ya miƙa hannu a ba shi kwanon. Ya juya shi, ya shafa gindinsa da babban yatsa, ya ajiye. Ya tsoma alƙalami ya yi rubutu a natse. Misae ta leƙa ta ga kalma ɗaya ce tak: sabo.

Tatsuro bai ɗaga murya ba. Ya karɓi murfin, ya taka shi ya tsage, ya cire hitar kananzir da ke kusa da katifa ya fita da ita. Daga bakin ƙofa ya ce, "Haɗari ce ga mai shanyayyen jiki. Kada a yi gobara."

Watan Maris ne, sauran dusar ƙanƙara na nan a gindin katanga. Misae ta kai bargo biyu a ɓoye, Tatsuro ya gani ya dawo da ɗaya. Kwana biyu tsohon na karkarwa, haƙoransa na haɗuwa har tana ji daga ƙofa. A rana ta uku ya rubuta sunan da ke takardar, rubutu mai kyau kamar na da, ya buga hatimi. Hawaye ya gangaro ta idonsa na hagu, wanda ba ya rufuwa sosai, Tatsuro ya ce ruwan ciwo ne.

Saura ɗaure akwati. Kowane akwati yana da igiyarsa ta saƙi mai faɗi, kuma masanin da ya yi rubutu shi ke ƙulla ta. Da hannu ɗaya ba ya yiwuwa, sai tsohon ya dubi Misae ya nuna mata tsakiyar igiyar da haɓa. Ta ɗora yatsa ta danne. Ya zagaya, ya ja da haƙori, ya ƙulle. Ta zare yatsa ta dubi ƙullin. Kunnuwan ƙullin ba su kwanta a gicciye ba kamar yadda ake yi wa kyauta da kayan masu rai. A tsaye suke, ɗaya sama ɗaya ƙasa.

Misae 'yar ƙauyen masunta ce a gaɓar Noto, uwarta ce ke wanke matattun ƙauyen. Tun tana ƙarama, in ta ɗaure zanen girki haka, sai uwar ta doke mata hannu ta ce, "Kwance! Gawa ake yi wa wannan."

Ta ɗaga ido. Tsohon na kallonta, bai ƙifta ba.

"Ya karkace," in ji Tatsuro, yana juya akwatin. Sai ya yi murmushi. "Bar shi haka. Kowa ya gani ya san hannunsa ne, ba wani ya ɗaure masa ba."

Misae ba ta gaya masa ma'anar ƙullin ba. Shekara ashirin da shida tana gidan aure, ta san nauyin hannun mijinta, ta kuma san ba ta da wani gida da za ta koma, uwa ta rasu, ɗan'uwa ya sayar da jirgin. Ta tattara kayan tawada ta fita.

Shekarun nan ne da kuɗi suka haukace a ƙasar. Mai filin da jiya yake noman kabeji yau ya wayi gari da mota uku, yana neman kwanon da zai nuna wa baƙi. Daga Tokyo da Nagoya suke zuwa, ba sa ko juya kwanon, murfi kawai suke karantawa su zaro kuɗi. Tatsuro ya sake fentin kanti, ya yi ƙiba, ya shiga ƙungiyar masu wasan golf. Kwali na shigowa ta baya duk sati biyu, akwatuna na fita ta gaba, kowanne da ƙullinsa a tsaye, kowane ƙulli da yatsan Misae a ƙarƙashinsa.

"Su wa muke cuta?" ya ce mata wata rana da ya ga ta ɓata rai. "Jakuna masu kuɗi? In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Suna so a yi musu ƙarya, ana yi musu, kowa ya kwana da daɗi."

"Ba su nake ji ba. Baba nake ji. Ya rame."

"Yana aiki, yana da amfani. Kin fi so ya zauna yana kallon silin? Gidan nan shekara ɗari da ashirin, ni nake riƙe da shi yanzu. Ke kuma shinkafar da kike ci daga sama take faɗowa?"

Da zafi ya shigo, siton ya zama tanda. Tabarma ta yi fumfuna, bayan tsohon ya fara gyambo. Misae na wanke shi da ruwan ɗumi tana juya shi, yana kallon 'yar tagar can sama inda haske ke shigowa kamar faɗin tire. Abincinsa ya koma bin aikinsa: ran da ya rubuta, a kai masa kifi da miyar miso ta waken soya, ran da ya ture alƙalami, kunun shinkafa tsararo. Alƙalami da takarda kuwa Tatsuro na kulle su a aljihun tebur, kada tsoho ya ɓata tawada.

Ran da likita zai zo, sai a ɗauko shi tun da safe a kwantar a babban ɗaki mai kallon lambu, a sa masa sabuwar riga. Likita ya duba gyambon ya ce tsofaffi haka suke, ya yaba wa Tatsuro, ya sha shayi ya tafi. Kafin ƙarar motarsa ta ɓace an mayar da Baba inda aka ɗauko shi.

Sau ɗaya Misae ta yi ƙarfin hali ta buga wa Kayoko waya, ƙanwar mijinta da ke aure a Osaka.

"A sito? To ai Baba dama ya fi son siton nan da mu," in ji Kayoko tana dariya. "Tun muna yara can yake wuni."

"Ba wuni yake ba, can yake kwana. Ki zo ki gani da idonki."

"Haba Yaya, ga jarrabawar yara, ga uwar mijina a kwance. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da yayana ya ga ya dace, ni wace ce? Ki dai yi haƙuri, mun san kina ƙoƙari."

Ta aiko da kwalin alawa mai tsada, irin wadda Baba ba ya iya taunawa.

Abu ɗaya Misae ta lura da shi wanda mijinta bai lura ba. Tsofaffin garin, dillalan da suka yi zamani da Baba da malaman da ke koyar da al'adar haɗa shayi, sun daina saye. Suna shigowa, su dubi akwati, su tambayi jikin Malam, kamar yadda suke kiran Baba, su sunkuya su fita. Tatsuro ya ce hassada ce da talauci. Misae ta san sun karanta abin da aka rubuta musu da igiya, sai ta riƙa sa rai. Duk ƙarar ƙofa sai ta ce yau wani zai ce a kai shi ya ga Malam. Kaka ta wuce, ganye ya zube, sanyi ya dawo, ba wanda ya ce.

Sai cikin Fabrairu, ranar wata Juma'a da hantsi, Malama Nonomura ta shigo tana dogara sanda. Ta haura tamanin, rabin matan manyan garin a hannunta suka koyi haɗa shayi. Ta ajiye ƙunshi a kan tebur ta kwance. Akwati ne na gidan, ba a ko taɓa igiyarsa ba.

"Wata ɗalibata ce mijinta ya saya mata," ta ce da murya mai laushi. "Ta kawo in sa mata albarka. Kaya ne mai ban mamaki."

"Malama kin san ido," in ji Tatsuro.

"Ido ya tsufa, ɗana. Shi ya sa nake so in ga Malam, ya ƙara mini bayani. Mun daɗe ba mu gaisa ba."

"Ai ba ya magana."

"Yana ɗaga kai, yana girgizawa. Mu tsofaffi wannan ya ishe mu hira." Ta ɗaure ƙunshinta. "Ran Litinin zan dawo tare da Malam Hatta, shugaban dillalai. Shi ma yana marmarinsa."

Misae ta raka ta bakin ƙofa ta juya mata takalma. Tsohuwar ta dafa kafaɗarta kamar mai neman tsayuwa, ta yi ƙasa da murya. "Mai hannu ɗaya ba ya ƙulli shi kaɗai, 'yata." Ba ta jira amsa ba, ta buɗe lema ta shiga dusar ƙanƙara.

Tatsuro bai ci abinci ba ranar. Ya zaga kanti, ya zaga tsakar gida, ya je sito ya daɗe. Misae na jiyo muryarsa ta ƙofar da bai rufe sosai ba, yana lallashi, yana tsawa, yana sake lallashi. "In sun tambaye ka, ka ɗaga kai kawai! Ka ji? Sunanka ne a jiki, ba nawa ba. Ɗaga kai in gani." Da ya fito, fuskarsa ta gaya mata tsohon bai ɗaga ba.

Ya zauna bakin baranda ya kunna taba, yana kallon lambu. "Kin san wani abu?" ya ce, kamar da kansa yake. "Mai zanen nan na unguwar haikali, da ya mutu, kayansa sai da suka ninka uku. Kuma ba wanda ya sake zuwa tambayarsa komai."

Ran Asabar da safe ta je canza wa Baba riga. Ta zura masa hannu, ta ja igiyar ƙugu za ta ɗaure, sai ya ture hannunta. Ya kamo yatsanta ya ɗora a kan cikinsa, ya zagaya igiya, ya sunkuya da ƙyar ya ja da haƙori. Ƙullin ya tsaya a tsaye a kan cibiyarsa. Ya dube ta, ya dubi ƙofa, ya sake dubanta.

"Haba Baba," ta ce, "wannan wane irin wasa ne? Ɗanka ne fa."

Ta kwance ƙullin ta mayar da shi kwance. Ya riƙe mata wuyan hannu da ƙarfin da ba ta san yana da shi ba, har sai da ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ta gaya wa kanta Litinin jibi ce, manya za su zo su yi maganar da ta fi ƙarfin bakinta. Kwana biyu ne kawai.

Lahadi ta zo da sanyi mai shiga ƙashi. Wajen sha ɗaya na safe Tatsuro ya shigo kicin fuska a sake.

"Baba na jin sanyi," ya ce. "Hura gawayi a babban kaskon nan na kaka, ki cika shi. Kada baƙi su zo gobe su tarar da shi yana tari."

Wata goma sha ɗaya ba a bar wa tsohon ko kyandir ba. Misae ta dubi mijinta, ya dube ta, ta sunkuya ta hura gawayi. Ita ta ɗauki kaskon da hannu biyu ta tsallaka tsakar gida, ta ajiye shi kusa da katifa. Baba bai kalle ta ba, tagar yake kallo. A buɗe take kamar kullum, ƙanƙara na ɗan shigowa. A jikin bango, ƙarƙashin tagar, an jingina tsanin da ake hawa gyaran rufi. Ba nan ne mazauninsa ba.

"Je ki kasuwar kifi ki sayo ƙaguwa manya, na baƙin gobe," in ji Tatsuro daga ƙofa. "Kada ki yi gaggawa, ki zaɓa da kyau."

Ta tafi. Gaskiyar da za ta bi ta har ƙarshen ranta ita ce ta tafi. Ta hau bas, ta zaga rumfuna, ta taya, ta tsaya mai kifi na naɗe mata ƙaguwa yana ba ta labarin ciwon bayansa. Duk wannan lokaci tsanin nan na tsaye a idonta. Sai da mutumin ya ɗaure ƙunshin da leda, ya miƙo mata, ta ga ƙullin a kwance, sannan ƙafafunta suka tuna da gudu. Ta bar ƙaguwar a kan tebur yana kiranta.

Ƙofar sito a rufe take ruf. Ta sa kafaɗa ta tura, wani ɗumi mai nauyi ya buge ta har kanta ya sara. Tagar a rufe, tsani babu. Baba na kwance a gefensa na dama, hannunsa a miƙe wajen ƙofa, kumatunsa sun yi ja kamar na jariri. Ba ta taɓa ganinsa da kyan fuska haka ba tun da ya kwanta ciwo.

Tatsuro na kanti tare da wasu baƙi biyu daga Nagoya, yana zuba musu shayi. Da ta yi ihu, shi ya fi kowa kuka.

Ɗan sandan unguwa, Saja Mikuni, mutum ne mai ladabi. Ya cire hula, ya ce duk hunturu sai sun ga irin wannan sau uku ko huɗu, gawayi da ɗaki a rufe. Ya zaro littafinsa.

"Wa ya kai masa wutar?"

"Matata ce," in ji Tatsuro, yana share ido. Ya dafa kafaɗarta. "Da kyakkyawar niyya ta yi. Don girman mamacin nan kada a matsa mata, ta yi masa hidimar da 'yar cikinsa ba ta yi ba."

Yatsunsa suka nutse a kafaɗarta. Saja ya rubuta, ya yi musu ta'aziyya, bai ɗaga kai ya dubi tagar ba.

Litinin da azahar aka shimfiɗa Baba a babban ɗaki, kansa na arewa. Kayoko ta iso daga Osaka da kuka tun daga bakin titi. Mai shirya gawa, wani dattijo mai sanyin hannu, ya sa masa farar riga, ya naɗe ta irin naɗin da ake yi wa matattu, sannan ya matsa gefe.

"Babban ɗa shi ke ɗaure igiyar ƙugu."

Tatsuro ya durƙusa ya ɗaure, ƙulli mai kyau a kwance, irin wanda yake yi wa kwalin kyauta.

"A'a, ranka ya daɗe," in ji dattijon a hankali. "Wannan na masu rai ne. Mamaci a tsaye ake yi masa, don a san ya bar cikinmu." Ya kwance, ya juya hannu, ya ƙulla. Kunne ɗaya sama, ɗaya ƙasa.

Tatsuro ya zuba wa ƙullin ido. Misae na kallon jinin fuskarsa na janyewa daga goshi zuwa haɓa.

"Kowa ya san wannan?" ya tambaya.

"Duk wanda ya taɓa binne nasa da hankalinsa a jikinsa," in ji dattijon.

Da la'asar masu ta'aziyya suka fara shigowa. Malama Nonomura ce a gaba, Malam Hatta na bayanta, sai tsofaffin dillalai da malaman shayi su tara, duk cikin baƙaƙen kaya. Kowa na ɗauke da ƙunshi. Suka ƙona turare, suka sunkuya wa gawa, sannan ɗaya bayan ɗaya suka kwance ƙunshinsu suka jera akwatuna a gaban mamacin. Na ɗalibai ne, da na surukai, da na abokan ciniki da suka kawo a duba musu. Akwati goma sha ɗaya, ƙulli goma sha ɗaya, duk a tsaye, daidai da wanda ke kan farar rigar.

"Mun dawo wa gidan Kurahashi da kayansa," in ji Malam Hatta, bai dubi Tatsuro ba. "Ƙungiya za ta aiko da takarda."

Malama Nonomura ta share ido da bakin hannun riga. "Malam bai taɓa yi mana ƙarya ba. Da aka ƙwace masa baki da alƙalami, sai ya gaya mana da igiya. Sunansa na nan da tsarkinsa."

Tsofaffin suka gyaɗa kai, kowa na jin ya sauke nauyi. Misae na durƙushe a gefe da butar shayi. Ta ajiye butar.

"Malama," ta ce, "yaushe kika fara ganin ƙullin?"

Kowa ya juyo ya dube ta. Surukar gida ba ta magana a irin wannan zama.

"Ke!" in ji Tatsuro.

"Yaushe, Malama?"

Tsohuwar ta ce, "Lokacin furen itacen sakura, wajen Afrilu, ina ji."

"Wata goma ke nan. Kai fa, Malam Hatta?"

"Ai sha'anin cikin gidan mutum, 'yata, ba a..."

"Wata goma kuna karanta shi. Kun gane kwano jabu ne, kuka ɗaure bakin jakarku, kuka tsira da kuɗinku. Ba wanda ya ce, mutumin da ke ɗaure akwati da ƙullin gawa, shi a wane hali yake? Taku goma sha biyu ne daga kanti zuwa sito. Yau kun zo wanke masa suna. Sunan yana jin sanyi ne? Sunan ne ya yi gyambo?"

Ba wanda ya ɗaga kai. Kayoko ta daina kuka.

"Ban fi ku ba," in ji Misae. "Na fi ku laifi. Kowane ƙulli a nan yatsana ne ya danne shi. Shekaranjiya ya ɗaure kansa da shi a gabana, ni na kwance."

Ta miƙe. Tatsuro ya kamo hannunta, ya yi magana ta cikin haƙora. "Ki tuna wa ya kai gawayin. A rubuce yake."

"Na tuna," ta ce. Ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ta yi wa na ubansa.

Ba ta ɗauki lema ba. Ta bi layin cikin baƙin kimono, rigar makoki, ƙanƙara na sauka a gashinta, maƙwabciyar nan na leƙe ta kan katanga. Ofishin 'yan sandan unguwa ɗan ɗaki ne a mararraba. Saja Mikuni na cika wata takarda, ya miƙe da ya gan ta.

"Uwargida Kurahashi, ai da kin aiko. Magana ta riga ta ƙare, hatsari ne."

"Ni na kai gawayin, wannan gaskiya ne, ka bar shi yadda ka rubuta," in ji Misae. "Amma da na fita taga a buɗe take. Ka ɗauko abin awo ka biyo ni, ka auna tsayinta, sannan ka gaya mini yadda mutumin da bai tsaya da ƙafarsa ba shekara biyu ya hau ya rufe ta."

Saja ya dube ta. Sannan ya ajiye alƙalami, ya ɗauki hularsa.